Maganar da na haɗiye a ɗakin likita

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin durowata, na bar asibitin da na yi shekara 3 ina aiki a Legas. Abokan aikina sun san a takarda mai karɓar baƙi aka ɗauke ni. Amma da yake ni kaɗai ke jin Hausa a gidan, da an ga mace da hijabi ko dattijo da hula sai a ƙwala mini kira. Haka na zama tafinta ba tare da kowa ya koya mini aikin ba. Cikin duk mutanen da na zauna tsakaninsu da likita, yaro ɗaya ne ya tsaya mini a rai.

Shekararsa 9. Mahaifiyarsa ta kawo shi daga Agege da wasiƙar makaranta a cikin leda: ba ya zama wuri ɗaya, ba ya gama aiki, yana tsokanar 'yan aji, a duba ko ADHD ce, wato larurar rashin mayar da hankali da rawar kai. Wani ɗan'uwansu ne ya biya kuɗin gwajin.

Mutane da yawa suna zuwa da tunanin akwai na'urar da za a ɗora wa yaro a kai. Babu. Ba a gano ADHD da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa, da tambaya ake gano ta. Ƙa'idar da likitocinmu ke bi, ta DSM-5 da aka fitar a Amurka a 2013, ta jera alamomi 9 na rashin mayar da hankali da wasu 9 na rawar kai da gaggawa. Sai yaro ya nuna aƙalla 6 a ɓangare guda, na tsawon wata 6, a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma su fara kafin ya cika shekara 12. Sannan akwai sharaɗin da ba a cika ambata ba: kada ya zama akwai wata larura da ta fi bayyana abin da ake gani. To idan komai ya rataya a kan amsar uwa, uwar kuma ba ta jin Turanci, kun ga a bakin wa gwajin yake.

A watan ne Madam, shugabarmu a asibitin, ta rage lokacin gwaji daga minti 90 zuwa 40, don a riƙa ganin mutane da yawa. Ta kira ni ofis ta ce mutanena sun cika dogon labari, in riƙa ba likita kan magana kawai.

Likita ya tambayi yaushe abin ya fara. Na juya na ce, "Yaya, tun yaushe yake haka?" Ta dubi yaron yana juya kujera da ƙafa, ta kama bakin hijabinta tana murzawa, ta rage murya.

"Wallahi Anti, da ba haka yake ba. Tun ranar da abin nan ya sami babansa a gabansa. Ko barcin kirki ba ya yi, sai ya farka yana ihu. Amma don Allah kar ki tayar da zancen yana ji."

Na kalli agogon bango, saura minti 15, ga tambayoyi shafi biyu ba a taɓa ba. Na ce wa likita ta ce abin ya daɗe, ya fi shekara.

Na sha tambayar kaina me ya sa. Akwai agogon, akwai roƙon da ta yi mini, akwai kuma kunyar da aka raine mu da ita, ta cewa mutuwar miji ba zancen da za a baje wa baƙon namiji ba ne. A raina na yanke cewa wannan sirrin gida ne, ba ruwan likita da shi. Ban da ilimin yanke wannan hukunci, amma na yanke. Abin da ya kamata in yi bai fi in ce a fitar da yaron na minti 5 ba.

Fom ɗin Vanderbilt, na tambayoyi kan alamomin ADHD, da malamarsa ta cike ya dawo cike da alamomi, abin da na faɗa kuma bai saɓa masa ba. Aka rubuta masa methylphenidate, maganin ADHD. Magani ne da hukuma ke sa wa ido, ba kowane kemis ke da shi ba, ga tsada. Kwasar adashen uwar ta ƙare a kansa. Sanannen abu ne yana iya rage cin abinci ya kuma hana barci, yaron da dama barcin ya ƙaurace masa. Da suka dawo bayan wata 2, da igiya aka ɗaure masa wandon makaranta.

Allah Ya sa ranar wata likita ce, babbar mace. Kafin mu fara ta ce mini duk abin da ya fito daga bakin matar nan tana son ji, ko ajiyar zuciya ce in gaya mata. Ta ba yaron takarda da fensir ta tura shi waje. Nan labarin ya fito. Mijin ɗan dako ne, tirela ta take shi a titin Abeokuta, yaron na tsaye a gefe riƙe da ledar burodi. Kafin ranar, yaro ne da malamin Islamiyya ke kafa misali da natsuwarsa. ADHD ba ta sauka rana ɗaya a kan yaro mai shekara 8. Tun yana ƙarami ake ganin ta. Firgici kuwa yana iya hana yaro zama da sauraro har ya yi kama da ita. Likitar ta tsayar da maganin, ta rubuta cewa jinyar tattaunawa yake buƙata. Ni da bakina na gaya mata abin da na haɗiye a zaman farko.

A taron Litinin Madam ta karanta laifina a gaban kowa, aka ba ni takardar gargaɗi. Na karɓa, domin na yi. Sai dai har aka tashi ba wanda ya ambaci minti 40, kuma wadda ta ce in riƙa ba da kan magana ita ce ta sa hannu a takardar. Nawa kason na ɗauka. Nata har yau yana nan ba mai shi.

Gano ciwon ma shi ne mai sauƙi. Irin wannan jinya zama ce mako-mako, sau 12 ko fiye, kuma kuɗin zama ɗaya a wurinmu ya fi abin da matar ke samu a sayar da waina mako guda. Ga danfo daga Agege a cikin cunkoso, ga kasko a kife ranar. A duk zamana ban haɗu da masanin halayyar ɗan Adam ko ɗaya mai jin Hausa a Legas ba. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma abin farin ciki ne, amma doka ba ta biya wa bazawara kuɗin mota. Daga ƙarshe likitar ta tura su sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Oshodi, ya fi kusa, ya fi sauƙi. Na riƙa haɗa ranar hutuna da ranar zuwansu ina raka su. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni.

Kada wani ya karanta wannan ya ce dama ADHD ƙirƙirar Turawa ce. Larura ce ta gaskiya, kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, kuma na ga waɗanda maganin nan ya gyara wa karatu. A gidajenmu ƙiriniya muke ce mata, ko kunnen ƙashi, mu bi da dorina. Yarinya mai shiru wadda kullum hankalinta ke wani wuri kuwa ba mai kawo ta, sai dai a ce sakarya ce. In za ku kawo yaro, ku zo da wanda ya san shi tun yana goye, ku tambayi malamin Islamiyya yadda kuka tambayi na boko, a duba kunnensa da barcinsa. Tafinta kuma ta faɗi duka, in lokaci ya ƙare a sake ba da wata rana.

Yaron ya koma cin abinci, ihun dare ya ragu, makon jiya uwar ta ce ya kwana 4 a jere bai farka ba. Shekaranjiya na ga sanarwar neman wanda zai maye gurbina, ana son mai iya kwamfuta da fara'a, ba a ambaci Hausa ba. Na tura wa likitar nan saƙo na roƙe ta ta yi magana kafin a ɗauki wani, ta ce za ta gwada.