Zanen da ya rufe min baki a Landan

Wallahi ba don kaina na je ba. Ɗan yayata ne ya matsa sai mun shiga Design Museum, wani gidan nune-nunen zane da ƙira a unguwar Kensington, lokacin baje kolin Tim Burton a ƙarshen 2024. Ni na ɗauka mai shirya fim ne kawai, ashe da zanen katun ya fara, a kamfanin Disney.

Kayan fim ɗin ban daɗe a kansu ba. Ƙananan zanen tawada da fensir ne suka tsayar da ni: mutane masu ƙafafu kamar tsinke, idanu zuru-zuru, gashi buzu-buzu kamar an tashe su daga barci. Wasu ma a kan tishun gidan abinci ya zana su. Na matsa kusa sosai, sai ga layin fensir da ya kauce, bai goge ba, ya bar abinsa haka.

Yaron ya ja min riga: "Kawu, ai irin wanda nake yi a bayan littafina ne, kake cewa ɓata takarda nake yi."

Shiru na yi. Da muka fito na saya masa littafin zane da fensir biyu.