Intalok ko kankare mai zane: bututun ƙasa ne ya raba gardamar

Tsakar gidan da muka yi wa aiki a Kano murabba'in mita 80 ce. Mai gidan kankare mai zane yake so, wanda ma'aikata ke kira sitam, don ya ga yadda yake sheƙi kamar an jera duwatsu. Kafin a kai ga maganar kala na ce a nuna mini inda bututu ya bi. Na ruwa ya ratsa tsakiyar fili daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, na ƙazanta ya bi gindin katanga zuwa sokawe, ga kuma darbejiya a kusurwa tana miƙa saiwa. Nan magana ta ƙare. Muka ware mita 60 ga intalok, wato ƙananan bulo da ake jerawa a kan yashi, mita 20 na ƙarƙashin rumfa, inda babu komai a binne, muka bar wa sitam. Ranar da bututu ya fashe, intalok ɗagawa ake yi a gyara a mayar. Sitam kuwa sai an fasa, kuma facin da za a yi ba zai taɓa dacewa da tsohuwar kala ba.

A ɓangaren intalok mun haƙa zurfin santimita 23, muka kwashe baƙar ƙasar sama duka. Lissafin shi ne burji 14, yashi 3, bulon kansa 6. Mai kaurin 6 ya isa ga tafiyar ƙafa da ƙaramar mota, amma in tankar ruwa ko tifa za ta riƙa shigowa, a sayi mai 8. Burjin sau biyu muka zuba shi, santimita 7 kowane zubi, a yayyafa ruwa, a bi da injin daɓe har sai takalmi ya daina barin sawu. Gangare kuma tun daga burjin ake fitar da shi, santimita 2 a kowace mita, daga jikin ɗaki zuwa rariya. Igiya da tiyon awo (siririn tiyo mai ruwa a ciki da ake duba daidaiton ƙasa da shi) muka yi amfani da su, don ido yana yaudara a fili mai faɗi.

A nan muka yi kuskuren da ya fi koya mini darasi. Kan ramin da aka binne bututun ruwa ƙasa ta ɗan faɗa, maimakon mu ƙara burji mu sake daɓewa sai muka cike da yashi, har kaurinsa ya kusa santimita 8 a wurin. Yashi shimfiɗa ne, ba ya ɗaukar nauyi in ya yi kauri. Ruwan Agusta na sauka wurin ya lotsa, ya zama ɗan tafki. Muka ɗaga bulo wajen 100, muka kwashe yashin, muka daɓe burji, muka mayar, duk a rabin yini. Da sitam ne a wurin, da sai guduma.

Bulo mai santimita 20 da 10 guda 50 ne ke cin murabba'in mita ɗaya, don haka mun sayi 3,000 da ƙarin 150 na yanka da fashewa. A wajen saye nakan haɗa biyu in gwara: mai kyau yana ƙara garau, wanda aka ƙwari siminti kuwa ƙararsa a dushe take, gefensa na marmashewa. Nakan kuma fasa ɗaya in ga cikinsa, in tambayi ranar da aka buga shi, domin ɗanyen bulo a hanya ma yake karyewa. Sai kan iyaka. Duk gefen da bai jingina da gini ba sai an kafa masa dogon bulon gefe a cikin kankare, in ba haka ba jerin zai riƙa buɗewa daga baki. Bayan jeri a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogi, a bi da inji, a sake sharewa.

Ledar da ake shimfiɗawa a ƙasa wai don hana ciyawa, ni ban sa ba. Yawancin ciyawar daga sama take zuwa, iska ce ke kawo irin ya faɗa tsagar da yashi ya zube. Leda kuma tana riƙe ruwa a cikin yashin. Cike tsagogi bayan kowace damina ya fi ta amfani, kuma yana rage tururuwa.

Sitam aikin yini ɗaya ne, amma ba ya yafe kuskure. Mita 20 a kaurin santimita 10 kankare ne mai yawan kubik mita 2, ya ci buhun siminti 13, kowane buhu da kwanon gini 4 na yashi da 8 na tsakuwa, da ragar waya a tsakiyar kaurin. Da asuba muka fara zubi. Idan ruwan da ya taso sama ya ƙafe, a barbaɗa garin kala sau biyu ana shafewa, sannan garin da ke hana tabarmar roba mannewa, sannan a danna tabarmun zanen. Lokacin dannawa gajere ne: a danna yatsa, in ya lotsa kaɗan bai kwaso siminti ba, to ya yi. A zafin Afrilu ko iskar hunturu sama kan bushe ƙasa na ɗanye, sai fuskar ta yi ta tsattsagewa a bakin zane. Shi ya sa ake buƙatar isassun hannu da tabarmi aƙalla uku, kuma a hana lebura ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saurin bajewa, domin wannan ruwan ne ke raunana kankaren.

Kankare dole ya tsage, abin da ake iya yi shi ne a zaɓa masa wurin tsagewa. Washegari da safe muka yanka layuka masu zurfin santimita 2.5, muka raba filin gida huɗu, kowanne mita 2 da 2.5, muna bin layin zanen don kada yankan ya fito fili. Man sheƙin da ake shafawa a ƙarshe sai da muka bari kankaren ya bushe sarai, don in an shafa kan danshi fari-fari yake yi kamar hazo. Shafi biyu marasa kauri, da garin hana santsi a cikin na biyun. Kada a tsallake wannan garin a gidan da ake alwala da wanke-wanke a tsakar gida, don jiƙaƙƙen sitam yana kayar da tsoho da yaro. Duk shekara 2 zuwa 3 ake sake shafin, wurin da rana ke duka kai tsaye ma yakan nemi a yi da wuri.

Game da kuɗi, farashin murabba'in mita da ma'aikaci ya faɗa ba ya nuna komai sai an ji abin da ke ciki. A tambaye shi ko ya haɗa da haƙa da kwashe ƙasa, da burji, da hayar injin daɓe, da bulon gefe. In sitam ne, a tambayi kauri, da raga, da yankan layi, da man sheƙi, a kuma rubuta su a takarda kafin a ba da kuɗin kaya.