Kwamfuta uku da na taɓa a watan nan, da abin da kowacce ta koya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran kwamfuta. Mako uku ke nan ban faɗa muku inda na kai ba, yau dai na samu zama. Tun shigowar Oktoba maganar ɗaya ce a bakin duk mai taɓa kwamfuta a Katsina: ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, bayan shekara goma da fitowarta a Yulin 2015. Na ji masu cewa kwamfuta za ta daina kunnuwa daga ranar. Ba haka ba ne. Tana nan tana aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano nan gaba babu mai zuwa ya toshe maka ita.

Da tawa na fara, don in an yi ɓarna a kaina za ta tsaya. Laftop ce ta hannu, Core i5 zubi na 8, ram 8GB. Na ɗora PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11, wadda ta gaji Windows 10, sai ta ce tawa ba ta cancanta ba. Raina ya ɓaci, don na san sharuɗɗan: ram aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, sai matakan tsaro biyu na cikin na'urar, Secure Boot da TPM 2.0. Na kai ta wurin Malam da nake koyo a shagonsa a hanyar IBB. Bai ko karɓe ta ba, ya ce, "Rubuta tpm.msc ka gani." Na rubuta, kwamfutar ta ce ba a samu TPM ba. Ya ce, "To shiga BIOS, ka duba ƙarƙashin Security." BIOS shi ne allon saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta buɗe. Ashe TPM ɗin tana ciki, a kashe take kawai, kuma ba da sunan TPM take ba, PTT aka rubuta, sunan da Intel ke kiran tata ke nan. A na'urorin AMD fTPM za ku gani. Ina kunna ta, gwajin ya wuce. Ku riƙe wannan da kyau, don na tabbata akwai kwamfutoci da yawa a garin nan da aka yanke wa hukuncin tsufa alhali maɓalli ɗaya ne a kashe.

Saukewar Windows 11 ɗin ce ta ci mini rai. Fayil ɗin ya haura 5GB, na bari sai tsakar dare lokacin da data ke sauƙi, ya katse sau biyu, sai gab da kiran assalatu ya kammala. Kafin in taɓa komai na kwafe hotuna da takarduna a wani faifai daban. Ɗorawar kanta ba ta ba ni wahala ba, kuma kayana duk na same su a inda na bar su.

Ra'ayina bayan mako biyu: tana tafiya lafiya, ban ga ta fi ta da sauri ba, ban kuma ga ta fi ta nauyi ba. Maɓallin Start da ya koma tsakiya na mayar da shi hagu a cikin Settings a ranar farko. Abin da har yanzu hannuna bai saba da shi ba shi ne danna dama a kan fayil, sai ka ƙara danna Show more options kafin ka ga tsohon jerin. Wanda ya ɗora ya ga ba ta yi masa ba, yana da kwana 10 ya koma ta da, muddin bai goge jakar Windows.old ba.

Akwai abu ɗaya da nake so mu masu koyon gyara mu ɗauka da muhimmanci. Tun daga zubin 24H2 na Windows 11, idan aka yi sabuwar ɗorawa aka shiga da asusun Microsoft, sau da yawa faifan yana kulle kansa da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai. Mabuɗin buɗewa lambobi 48 ne, kuma a cikin asusun yake zama. Ka ga ke nan idan ka ɗora wa mutum da imel ɗin da ka ƙirƙira a gaggauce kuka manta kalmar sirri, ranar da kwamfutar ta nemi mabuɗin nan, hotunan bikinsa da takardun makarantarsa sun tafi. Ni yanzu ka'idata ita ce mai kaya ya shiga da asusunsa da hannunsa, mu duba mabuɗin tare, ya rubuta a takarda ya adana a gida.

Ta biyu ta Kawuna ce, mai shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura. Babbar kwamfuta ce ta tebur, Core i3 zubi na 4, da wata tsohuwar firinta da ta fi shekara goma tana ci da gidansa. Wannan ba ta cika sharaɗi ba ko ta wace fuska. Na ce masa akwai Rufus, manhajar da ake shirya filash da ita, tana iya tsallake binciken TPM a ɗora Windows 11 da ƙarfi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ka ɗora, firintar nan za ta buga?" Na ce sai an gwada, Kawu. Ya ce, "To da safe ɗalibai za su zo buga takarda, mi zan ce masu?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Ni zumuɗin gwada abin da na koya ke ja na, shi kuwa abincin iyalinsa ne a kan teburin. Kuma Microsoft da kanta ta bayyana cewa na'urar da aka ɗora wa ba tare da ta cika sharaɗi ba, babu tabbacin za ta riƙa samun sabuntawa. Sai muka bi ɗaya hanyar. Na rubuta winver don in ga zubin Windows ɗinta, na ga tana kan 22H2, zubin ƙarshe na Windows 10, na yi mata rajistar ƙarin wa'adin tsaro da ake kira ESU, wanda a lokacin aka ce zai kai ta 13 ga Oktoba, 2026. A 2025 ana biyan dala 30, ko a samu kyauta idan aka haɗa saitin kwamfutar da asusun Microsoft, mu ta kyautar muka bi. Shekara guda ke nan da zai yi tanadin wata a tsanake.

A shagon Malam an yi ta muhawara a kan wannan. Wani abokin koyona ya ce tsoro ne kawai, shi ya ɗora wa kwamfutoci da dama da Rufus kuma babu wadda ta dawo. Wani dattijo da ya kawo gyara ya ce shi har yau Windows 7 yake amfani da ita, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020, kuma bai ga abin da ya same shi ba. Malam ya tambaye shi ko yana shiga banki da ita. Ya ce a'a, ko intanet ba ya haɗa ta da shi. Malam ya ce, "To Alhaji, taka daban." Ni ina ganin Rufus ba laifi ba ne a kan kwamfutar gwaji, amma ba zan yi wa mai sana'a ba sai na faɗa masa gaskiyar abin da zai iya biyo baya, ya amince da bakinsa.

Ta uku ita ta fi faranta mini. Ƙanwata tana karanta Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, laftop ɗinta Celeron ce mai ram 4GB da tsohon faifai mai juyawa, kafin ta buɗe sai ka gama shan koko. Na cire faifan na sa mata SSD, faifai mai sauri da ba ya juyawa, na ɗora Linux Mint 22 a madadin Windows, zubin Xfce mara nauyi, wanda za a ci gaba da kula da shi har 2029, kuma kyauta ne. Kafin in ɗora na kunna shi daga filash na gwada Wi-Fi da sauti da kyamara, duk suka yi. Na saka mata allon rubutu na Hausa saboda ƙ da ɗ da ɓ. Da ta ga ta buɗe cikin ƙiftawa da bismillah sai ta ce, "Yaya, wata ka saya mini?" A ganina SSD ɗin ne ya yi rabin aikin, ba manhajar kaɗai ba.

Matsala ɗaya ta taso. Aikinta da ta rubuta a Word, da ta buɗe shi a LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da Linux Mint, sai jadawali biyu suka goce, lambar shafi ta canja. Na nuna mata yadda za ta riƙa fitar da shi a PDF kafin ta kai bugawa, amma malaminta fayil ɗin Word yake so don ya yi gyara a ciki. Ranar Asabar zan gwada ɗora mata nau'in haruffan da aka rubuta aikin da su tun farko, in ga ko shafukan za su zauna. Wanda ya taɓa cin karo da wannan a cikinku, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi kafin ranar.