Saƙon da na tura a guruf

Ranar Juma'a zan miƙa makullin ofis bayan shekara shida. Cikin duk abin da ya faru, wani saƙo mai layi ɗaya ne ya ƙi barin raina.

Lokacin kullen korona ne, a watan Afrilun 2020 da aka rufe Kano muka koma aiki daga gida. Taro a Zoom na kyauta, minti 40 ya katse, rabin lokacin ma ya tafi a "kuna jina?" Sauran magana sai a guruf ɗin WhatsApp. Ana cikin azumi akantanmu, dattijon da ya isa ya haife ni, ya turo rahoton wata da kuskure a jimilla. Oga ta kira ni a waya ta ce in yi masa magana a guruf. Ni kuwa na rubuta: "Lissafin shafi na uku ba daidai ba ne, a gyara." Ba sallama, ba "Baba ya ibada", a gaban kowa har 'yan bautar ƙasa.

Da a ofis ne, teburinsa zan je in rusuna mu gaisa, in tambayi jikin Hajiya, sannan in ce, "Baba, ko idona ne? Duba mini nan." Da dariya za a rabu. Amma a guruf, alamar nan ta WhatsApp ta koma shuɗiya, ya karanta. Ya gyara, bai ce uffan ba. Daga ranar na tashi daga "'yata" na koma "Malama".

A taron gaba oga ta buɗe baki ta ce yaran yanzu ba su san girma ba. Ita da ta sa ni! Har yau ba ta amsa cewa ita ta sa ni ba. Tun daga nan duk umarnin da ta ba ni a waya sai na bi shi da rubutu: "Ranki ya daɗe, kamar yadda kika ce ɗazu..." Ba ta so, na sani.

Sauran abubuwan da na koya a kullen ƙanana ne. Saƙon murya mai minti bakwai ba mai saurara. Wanda ya yi shiru a Zoom sau da yawa data ce ta ƙare masa.

Da aka buɗe gari na je gidan Baba da ledar dabino. Ya karɓa, ya sa albarka, ya ce ya wuce. Sai da shekara ta zagayo ya sake ce mini "'yata".