Abin da ya sa nake kashe tsutsa kafin in tafi kamun kifi a Ingila

Duk wanda ya taso yana haƙo tana a bakin rafi ya san cewa motsin abin da ke jikin ƙugiya shi ke kiran kifi. Da wannan sani na zo Birmingham, kuma da shi na fara jefa fatsa a hanyoyin ruwan garin. Yau kuwa, daga watan Afirilu har zuwa Oktoba, mafi yawan tsutsar da nake fita da ita matacciya ce, ni na kashe ta da hannuna a gida, kuma manyan kifayen da na taɓa kamawa a ƙasar nan da ita na kama su.

Kamun kifin da nake magana a kai na nishaɗi ne, wanda ake yi a kogi da tafki da tsofaffin hanyoyin ruwan da aka haƙa a ƙarni na 18 da na 19 don jiragen dakon gawayi. In ka kama, sai ka cire ƙugiya a hankali ka mayar da kifin ruwa, domin galibin masu wuraren sun hana tafiya da shi. Duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisi daga hukumar Environment Agency, wanda aka kama babu shi kuma tararsa tana iya kaiwa fam 2,500. Ana rufe koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda kifi na zuba ƙwai, amma yawancin tafkuna da haƙaƙƙun hanyoyin ruwa a buɗe suke duk shekara. To a nan ne zancen matacciyar tsutsa ya fi ƙarfi, saboda ruwa ne da ba ya gudu, ganyayyaki sun shekara da shekaru suna ruɓewa a ƙasansa har sun zama baƙin taɓo mai laushi.

Ita tsutsar ba a juji ake tono ta ba. Gonaki ne ke kiwonta daga ƙwan babban ƙudan nan mai shuɗin jiki, a kawo ta shagunan kayan fatsa, a sayar da awo, awo ɗaya ya ɗan haura rabin lita. Akwai fara, akwai mai ruwan tagulla, akwai ja. Ja nake saye, domin ta yi kama da wata 'yar jar tsutsa da ke rayuwa cikin taɓon, wadda kifin ya saba ci. In za ka saya, dubi ɗan baƙin ɗigon da ke cikin jikinta: ragowar abincinta ne, in yana da girma sabuwa ce, in ya ɓace ta kwana biyu.

Wani dattijo Bature da muke yawan haɗuwa a bakin ruwa shi ya fara nuna mini. Bai yi dogon bayani ba. Ya sa dogon cokalin awon abinci ya ɗebo taɓo daga ƙasan ruwa ya zuba a bokiti, ya watsa tsutsa masu rai a kai, ya ce in zuba ido. Kafin wani lokaci duk sun nutse, ko ɗaya ba a gani. Ya watsa matattu, suna nan kwance jajur a saman baƙin taɓon har muka tashi. Abin da ke faruwa ke nan a inda ido ba ya kaiwa. Ka zuba awo guda na mai rai kana zaton ka shimfiɗa wa kifi abinci, alhali ka binne shi ne. Kifi ya zo yana jin ƙamshi, sai ya dulmiya kai cikin taɓo yana tono, kumfa na tasowa sama, ruwa ya gurɓace, jikinsa na gogar zarenka, alamar da ke ɗaure a zaren, wadda ke saman ruwa don nuna cizo, tana ta rawa, ka fizga babu komai, ko kuma ƙugiya ta kama shi a fiffike. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, don rauni ne aka yi wa dabba a banza. Da matacciya kuwa, kifi tsinta yake yi ɗaya bayan ɗaya a sarari, har ya iso wadda ke jikin ƙugiya, alamar ta nutse sau ɗaya tak.

Akwai kuma batun dunƙulen gari. Ana kwaɓa garin burodi da na kifi da ruwa kaɗan, a dunƙula a jefa inda ake son kifi ya taru. In ka cusa masu rai a ciki, mutsu-mutsunsu zai farfasa dunƙulen tun yana sama, abinci ya watse ko'ina. Matattu ba ruwansu, za ka iya cika dunƙule da su ya sauka ƙasa lafiya lau.

Sai ƙananan kifaye, waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba. Su motsi suke bi. Mai rai tana taɓa ruwa sun yi mata caa, su tsotse ta su bar maka fata. Ban ce matacciya tana korarsu gaba ɗaya ba, amma tana samun damar kaiwa ƙasa ta jira babba. Manyan da nake nema uku ne: birim, mai faɗin jiki kamar karfasa, wanda ke yawo garke-garke, tenci, koren kifi mai ƙananan jajayen idanu, da kaf, wanda ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk ukun a ƙasa suke kiwo, kuma ba sa son wahala.

Yadda ake kashe ta shi ne rabin aikin. Da farko ina tace ta a rariya mai faɗin ido, garin katakon da aka zubo ta a ciki ya fita, don shi ke riƙe zarnin nan da take yi. Sai in barbaɗa mata garin masara ta yi birgima a ciki na ɗan lokaci, in sake tacewa. Daga nan in zuba a leda, in matse iskar tas, in ɗaure, in sa a firiza. Kwana biyu nake ba ta aƙalla. Halitta ce mai taurin rai: wadda ta yi dare ɗaya kawai tana iya farfaɗowa in ta ji ɗumi, sai ka buɗe leda a bakin ruwa ka tarar da rabi na motsi. Uwargida ta gindaya sharaɗi tun farko, kuma tana da gaskiya, shi ya sa na sayi ɗan ƙaramin firiza na ajiye a gareji, ba ya haɗuwa da abincin gida.

In tafiyar ta zo ba shiri, akwai hanyar ruwan zafi. Ana fara zuba tsutsar cikin ruwan sanyi ne, sannan a riƙa tsiyaya mai zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har motsi ya tsaya, nan take a tsane a mayar cikin ruwan sanyi. Wadda aka kwarara wa tafasasshen ruwa kai tsaye miƙewa take yi, ta sandare, launinta ya koɗe. Ni dai na fi son ta firiza, ta fi laushi kuma janta na nan. Ko wacce ka bi, kada ka bar ta a iska: matacciyar tsutsa baƙi take yi da sauri in ta bushe. A cikin roba nake ajiye ta, ruwa ya rufe ta, in riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Ragowar da na dawo da ita gida ina sake daskarar da ita, sai dai ta yi laushi da yawa, ba ta zama a ƙugiya, cikin dunƙule take tafiya.

Wajen sa ta a ƙugiya, gefen da ya fi kauri ake kamawa, fata kawai, don kada ruwan cikinta ya tsiyaye. Lambar ƙugiya in ta ƙaru, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi. Birim da tenci ina sa musu biyu ko uku a lamba 16. Kaf kuwa sai in cika lamba 12 da biyar ko shida, musamman da yamma lis a gab da gaɓa. A tafkunan da ake biyan kuɗin wuni, kaf ya gane cewa masu kamu na zubar da ragowar abinci a gefe in za su tashi, saboda haka da la'asar sakaliya yakan matso inda ruwa bai kai gwiwa ba, har ka ga wutsiyarsa a waje. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, don haka akwai isasshen lokaci. In cizo ya yi nauyi, nakan haɗa mai rai guda ɗaya cikin matattun, ɗan motsin nan yakan sa kifi ya zaɓi tawa cikin ɗaruruwan da ke kwance.

Akwai inda ba ta yi. A kogi mai gudu irin Trent, inda ake watsa kaɗan-kaɗan kifi na cafkewa tun kafin ta sauka, mai rai ta fi. Haka kifin nan mai zane-zane da ƙaya a gadon baya, shi mafarauci ne da ido, abin da ba ya motsi bai cika burge shi ba. Da sanyi ya kankama a watan Nuwamba, ruwa ya yi garau, manyan sun rage ci, sai in koma ƙaramar ƙugiya lamba 20 da tsutsa mai rai guda ɗaya, in nemi ƙananan da nake gudu a watannin zafi. Abin da ya rage a firiza yana nan har ruwa ya sake ɗumi a Afirilu.