Ramukan darar Kawu

Talata, Gadarif, ƙasar Sudan.

Yau ban fita kasuwa ba, kaina ke sarawa tun asuba. Ina zaune a rumfa ina tsince ridi sai na ji Auta tana rera jadawalin darab, wato na ninkawa, da Larabci, har da rangaji kamar mai biya allo: "Hamsa fi sitta, talatin," wato biyar sau shida. Ta kai har gidan tara ba gargada. Na ji daɗi, don tun da muka baro Wad Madani a Disamban 2023 yaran nan suka daɗe a gida ba makaranta, kuma shekarar ninkawa ce ta wuce ta.

Sai shaiɗan ya sa na gwada ta. Na ce, "Yara biyar, kowa a ba shi dabino shida, nawa za a sayo?" Ta ƙirga yatsu, ta ce sha ɗaya. Ashe waƙar ce kawai a bakinta.

Na ajiye faifan, na ce ta kwaso ƙwallayen dabinon da muke tarawa a gwangwani. Muka nufi gindin dalbejiya inda Kawu ya haƙa ramukan dararsa: layi biyar, kowane layi rami shida. Na ce kowane layi yaro ɗaya ne, ta ba shi rabonsa. Ta durƙusa tana sakawa ɗaya-ɗaya, harshe a waje. Da ta cika layin farko na sa ta faɗi shida, na biyu sha biyu, haka har talatin. Ta yi shiru tana kallon ƙasa, can ta ce, "Inna, wannan ne hamsa fi sitta ɗin?"

Abin da ya fi burge ni shi ne da na ce ta tashi ta koma ɗaya gefen. Daga can layukan sun zama shida, kowanne da biyar. Ta sake ƙirgawa tun daga farko, ba ta yarda da ni ba, kuma ban hana ta ba. Talatin dai. Sai da ta zaga ramukan sau uku tana dariya. Ni kaina da bulala na haddace jadawalin nan, ba wanda ya taɓa nuna min cewa kusan rabinsa maimaici ne.

Bakwai sau shida ya so ya ba mu wahala, don ramuka sun ƙare. Ta tona layi biyu da tsinke a ƙasan na Kawu, ta ce talatin na nan, ga sha biyu, arba'in da biyu. Ban koya mata wannan ba.

Bayan la'asar Kawu ya dawo ya tarar an yi wa dararsa ƙari, ya kama faɗa. Da ya huce ya tambaye ta: mutum biyu, kowa da 'ya'yan dara sha biyu, rami nawa zai rage? Ta jera, ta ce shida. Ya ba ta kuɗin zalabiya.

Mun shiga sallar magariba muka bar ƙwallayen a waje, akuyar maƙwabta ta bi layi ta cinye fiye da rabi. Gobe sai na roƙi mai shago tiren ƙwai, shi ma gurbi talatin ne, kuma ana iya ɗaga shi sama.