Tudun Biri da taron Maulidin ƙauyenmu

A ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, idan lokacin Maulidi ya zo, mukan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan liman, yara su zauna a sahun gaba, mata kuma su yi ta kai da kawo da kwanukan abinci har dare ya raba. Irin wannan taro ne mutanen Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, suke yi a daren 3 ga Disamba, 2023, lokacin da jirgin soja marar matuƙi ya sako musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, kuma waɗanda suka tsira sun ce bam na biyu ya faɗa ne a kan masu kwasar gawawwaki.

Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa ita ta kai harin, ta kuma kira shi kuskure. Haka aka faɗa a watan Janairun 2017, bayan jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a Jihar Borno.

Ban raina wahalar sojoji ba, domin ɗan maƙwabcina ma yana bakin daga. Amma sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa, bai ware talakan ƙauye ba. Ina so a bayyana sakamakon bincike a fili, a gurfanar da wanda ya ba da umarnin a gaban shari'a, sannan a miƙa diyya hannun marayu da zawarawan da aka bari.